Sati uku ina aikin sa kai a asibitin mishan a Kenya, har yanzu ji nake kamar ba ni da amfani

Yar_Wusasa ta rubuta:

Salama gare ku duka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita wata ƙasa aikin sa kai, musamman a asibitin mishan. Ni nas ce, shekarata takwas ina aiki a gida, yawanci ɗakin haihuwa da wajen yara. Ikilisiyarmu da zumuntar mata da wasu 'yan uwa ne suka haɗa min kuɗin jirgi nazo Kenya zan yi wata shida. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, amma dai a yankin Meru yake, gefen dutsen Kenya, daga Nairobi mun sha kusan awa shida a mota kafin muka iso, hanya sai hawa da gangara da gonakin shayi kore shar har iya ganinka.

Abu na farko da ya fara dukana sanyi ne. Ni da naji ance Afirka ta gabas kuma kusa da layin da ya raba duniya biyu sai na ɗauko kayan shan iska, ashe Yuni da Yuli da Agusta su ne lokacin sanyinsu. Ba irin hunturunmu bane mai ƙura da fashewar leɓe, wannan mai laima ne, hazo da yayyafi tun asuba, kayi wanki kwana biyu bai bushe ba. Na zauna a Jos shekara uku ina ganin na san sanyi amma nan ya fi. Sai da wata sista ta ara min suwaita da safa kafin na samu naje kasuwa.

Yadda rana take tafiya, ƙarfe 7 da 'yan mintuna ana haɗuwa a ɗan ɗakin sujada na asibiti, waƙa ɗaya ko biyu, karatu, addu'a, sai kowa ya kama wajen aikinsa. Ƙarfe 10 kuwa komai sai ya ɗan lafa saboda shan shayi, chai suke ce masa, madara da ganye da suga a tukunya ɗaya ake dafawa, daga likita har mai shara kowa da kofinsa. Wannan kam ya burge ni sosai. Wani abin da ya bani mamaki, a nan asibiti ne ke ciyar da majinyata kuma 'yan dubiya suna da lokacinsu, idan ya cika a kaɗa su waje. Babu masu jinya da tabarmi da kuloli a baranda kamar wajenmu. Wajen yana tsaf amma wlh tausayi suke bani, tsohuwa kwance ita kaɗai daga safe har rana babu jika babu suruka mai yi mata fifita ko hira.

Abinci kuma ugali ne da wani ganye sukuma wiki, sai githeri wato masara da wake a dafe tare. Ugalin kamar tuwon masara yake amma da tauri, kuma ba miyar da zata ja maka shi. Barkono kusan babu. Yajin da mamata ta daka min ya kusa ƙarewa don har a wake nake barbaɗawa.

Toh duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke damuna shi ne takardar izinin aikina bata gama fitowa ba, an ce haka tsarin yake ga duk baƙo, don haka ina bin wata sista ne a baya ina kallo, ina miƙa kaya, ina auna zafin jiki. Ni da nake karɓar haihuwa uku huɗu a dutin dare ɗaya. Sannan yare. Ma'aikata suna jin Turanci amma marasa lafiya da yawa Swahili ne ko Kimeru, yaren mutanen Meru, mace na naƙuda tana riƙe hannuna tana min magana tana kuka ni kuma ko kalma ɗaya ban gane ba. Ran nan aka ce min akwai taro saa mbili, na duba mbili biyu ne, sai na shirya zuwa ƙarfe 2 na rana, ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga, 7 na safe shi ne ɗaya, kenan taron 8 na safe ne har an tashi. Tun daga ranar tsoro ya kama ni, ace lokacin magani ne na rikita haka fa?

Idan na koma ɗaki da dare sai in tuna matan da suka cire daga kuɗin cefanensu suka sa a baikon tafiyata, sai hawaye. Suna kirana suna tambaya yaya aikin Ubangiji, ni kuma ban san me zan ce nayi ba. Tambayata, haka kowa yake ji da farko ko ni ce ban dace da aikin ba? Kuma wata nawa yake ɗauka kafin mutum ya saba?

Baba_Mai_Ritaya ya rubuta:

'Yata sannu da ƙoƙari, sannu da sanyi. Na karanta saƙonki har sau biyu. Sati uku ai ko amarya bata gama sanin inda ake ajiye tsintsiya a gidan miji ba.

Bari in baki nawa. Ni aikin ɗakin gwaje-gwaje nayi har na ajiye, kuma da ƙuruciyata na taɓa zuwa Galmi a Nijar na taimaka na wasu watanni, asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe tun 1950, yana kan babban titi tsakanin Ƙonni da Madawa, garin da albasarsa tayi suna. Na tafi da ƙarfin gwiwa ina cewa ai ƙasar Hausa ce me zai gagare ni. Ranar farko wani ya tambaye ni hanyar likita na nuna masa mutum, ashe su asibitin ne suke kira likita. Kuɗi kuma da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya sefa biyar, jikka sefa dubu, sai mai tebur ya faɗa min farashi in tsaya ina lissafi da yatsu. Takardun asibiti da Faransanci. Ga zafin watan Afrilu da Mayu wanda sai mun yayyafa wa katifa ruwa mun fito da ita waje. Kin ga ni da Hausar a bakina ma sai da nayi wata guda ina jin kaina baƙo, balle ke da kika tsallaka har gabashin Afirka.

Ke 'yar Wusasa ce, kin san labarin Likita Mila, Baturen mishan ɗin nan. Kafin ya shigo ƙasar Hausa a 1900 sai da ya fara zuwa Tarabulus ta Libiya ya zauna cikin Hausawan can yana koyon harshe. Likita ne cikakke amma ya zauna kamar ɗan makaranta. Turawan mishan da muka taso muka gani haka ake musu, sai sun zauna koyon Hausa kafin a sake musu aiki. To don me ke za ki ga kamar ɓata lokaci kike? Wannan bin bayan sistar da kike yi shi ne makarantarki.

Ki sayi ƙaramin littafi ki sa a aljihun yunifom. Kullum kalma goma, kuma ba kalmomin yawon buɗe ido ba, na ɗakin haihuwa: yi nishi, numfasa, ina ke ciwo, juya, sannu, an kusa. Ki tambayi masu shara da masu gadi da masu dafa abinci, sun fi likitoci lokaci kuma suna jin daɗi a tambaye su. Maganar agogo kuma duk abin da ya shafi magani ki ce a rubuta miki da lamba a takarda, kada ki karɓa da baki, babu kunya a ciki.

Su kuma matan zumunta ki gaya musu gaskiya yadda kika gaya mana. Ki ce musu kina koyo, kina jin sanyi, kina kewar gida, su yi miki addu'a a kan wannan. Iyaye ne, ba rasit suke jira ba.

Dr_Dan_Fagge ya rubuta:

Sista barka da aiki. Ni Musulmi ne amma na yi karatun ƙwarewa shekara biyu a Nairobi, kuma na yi wata uku a wani asibitin mishan cikin horon, shi ya sa nace bari in sa baki.

Maganar yare kada ta tsorata ki, Bahaushe yana da rabin hanya a Swahili saboda Larabcin da ke cikin harsunan biyu. Habari labari ne, asubuhi asuba, dunia duniya, sababu sababi, Alhamisi da Ijumaa kin san su, saa ɗin da ta rikita ki ma sa'a ce. Pole shi ne sannu ɗinmu sak, ana faɗa wa mara lafiya da wanda ya yi tuntuɓe da wanda aka yi wa rasuwa, pole pole kuma sannu sannu. Sai dai ki kula, in mara lafiya yace dawa magani yake nufi ba hatsi ba. Agogo kuma dabarar ita ce ki kalli lambar da ke kallon wadda aka faɗa a fuskar agogo, ance biyu ki duba kishiyarta takwas, ance huɗu goma kenan, shida sha biyu.

Abinci, ki shiga kasuwa ki nemi bamia kuɓewa ce, pilipili barkono, ukwaju tsamiya, njugu gyaɗa, mrenda kuma lalo ne in kin dace da masu saidawa. Garin ugalin nan in kika yi talge kika tuƙa shi da laushi tuwon masara ne ba bambanci. Uji wa wimbi da suke sha da safe kunun tamba ne, ki matsa lemon tsami ki ji. In kin samu hutu ki hau matatu, wato motar haya, ki je Isiolo, ba nisa daga Meru, garin Borana da Somaliyawa ne da yawa, akwai zafi akwai nama akwai shinkafa mai kayan ƙamshi har raƙuma za ki gani, zuciyarki zata ɗan kwanta. Ki buɗe M-Pesa, asusun kuɗi na waya, in baki buɗe ba, tun 2007 suke amfani da ita har mai tumatir da ita ake biyansa. Kuma kada ki nemi leda a kasuwa, sun hana tun 2017 kuma da gaske suke, ki riƙe jakarki. In kina bakin titi ki yi hankali da motocin da ke ɗaukar miraa, ganyen da ake taunawa ɗin nan, yankinku ne ake nomansa kuma gudu suke na fitar hankali don ya isa Nairobi kafin ya yi yaushi.

Sai abu ɗaya da nake so in roƙe ki tsakani da Allah, ba don jayayya ba. Za ki samu marasa lafiya Musulmi daga wajen Isiolo da sama. Mutumin da ke kwance a gado yana jin ba shi da ikon cewa a'a ga wanda ke riƙe da allurarsa. Na ga ma'aikatan da suke tambaya cikin ladabi ko mutum yana son a yi masa addu'a, in yace a'a su yi murmushi su ci gaba da aikinsu ba abin da ya canza, waɗannan har yau ina girmama su. Na kuma ga waɗanda suke matsawa, sai ka ga tsoho ya yi shiru ya juya fuska bango, gobe kuma ya ƙi dawowa a duba masa ciwon. Ke kin taso cikinmu, kin san alwala, kin san abin da mace mai lulluɓi take ji in namiji ya ɗaga labule ba sallama, kin san azumi. Abokan aikinki da yawa basu san waɗannan ba, ba don mugunta ba, basu zauna da Musulmi bane kawai. A nan nake ganin za ki yi amfanin da wani ba zai iya ba.

Maman_Bege ta rubuta:

Ƙanwata ni a jirgin ruwa nayi nawa, Africa Mercy na Mercy Ships, lokacin da ya tsaya a Duwala ta Kamaru daga 2017 zuwa 2018. Asibiti ne sukutum a cikin jirgi da ɗakunan tiyata da komai, kuma kowa ɗan sa kai ne, kai ne ma kake neman masu tallafa maka. Satin farko nayi kuka ba kaɗan ba, gado mai hawa biyu, ɗaki ɗaya da mata daga ƙasashe daban daban kowa da irin Turancinta, wanka minti biyu ne saboda tattalin ruwa, ka jiƙa ka kashe ka saɓa ka ɗauraye. Ga burodi da cuku da ganye ɗanye, ni kuma cikina tuwo yake nema. Na'urorin ma wasu ban taɓa taɓa irinsu ba sai naji kamar yau na fito daga makaranta.

Ranar da abin ya juya min, an kawo mata masu yoyon fitsari daga arewacin Kamaru, akwai wata da ta ƙi magana da kowa ta rufe kai da zane, ina gyara mata gado sai bakina ya suɓuce nace sannu baiwar Allah. Matar nan ta yaye zanen ta kalle ni tace ke Bahausa ce? Daga nan bata sake sakin hannuna ba har aka shiga da ita tiyata. Ni dai a wajena sai da nayi wajen sati shida kafin na fara jin ƙafata ta taka ƙasa, wata uku kuma na fara jin wajen kamar gida. Kowa da nasa amma sati uku yayi wuri ki yanke wa kanki hukunci.

Ki samu mutum ɗaya, ɗaya tak, 'yar ƙasar ba baƙuwa irinki ba, wadda za ki riƙa zuwa gidanta ran Lahadi bayan sujada. Kuma ki rage kiran gida da dare, yana ƙara kewa, ki maida shi safe ko ranar hutu.

Ishaya_KD ya rubuta:

Afuwan na ɗan kauce, anti Yar_Wusasa nima ina sha'awar irin wannan tafiyar, ni fannin magunguna na karanta. Ana biyan wani abu ne ko komai daga aljihunka? Kuma masauki fa?

Yar_Wusasa ta rubuta:

Kai nagode nagode, Ubangiji ya saka muku. Jiya da dare na karanta duka, yau kuma kafin in tafi sujadar safe na sake karantawa.

Ishaya ba albashi ko sisi. Jirgi da takardu da abinci duk daga abin da aka tara min ne, su dai sun bani ɗaki a gidan ma'aikata muna raba kicin mu uku. Wani wajen ma kai zaka biya ɗakin, don haka ka tambaya a rubuce kafin ka taso, kuma ka fara neman izinin aikin tun kana gida da wuri sosai.

Baba na sayi littafin, shafi biyu har sun cika. Mai sharar wajenmu wata dattijuwa ce, da na tambaye ta yadda ake cewa yi nishi sai ta ajiye mofa ta kama koya min har da nuni, yanzu in ta hango ni daga nesa jarrabawa take min. Na kuma tura wa shugabar zumunta saƙon murya na faɗa mata komai, amsar da ta dawo min da ita rabi addu'a ce rabi faɗa wai me yasa ban faɗa tun farko ina jin sanyi ba.

Likita maganarka ta shige ni, kuma ban ɗauke ta jayayya ba. Kakata ta wajen uwa Musulma ce, a ɗakinta na koyi girki, ƙannen mamata biyu alhazai ne, da salla muna can da Kirsimeti suna wajenmu. Ni ina so kowa ya san Yesu, ba zan ɓoye maka ba shi ne ya kawo ni nan, amma ban yarda a yi amfani da ciwon mutum a matsa masa ba, kuma in an tambaye ni a taron ma'aikata haka zan faɗa. Abin mamaki ma satin farko da aka ce in yi addu'a da yarenmu a sujadar safe, ina cewa ya Allah Ubanmu sai naga wasu sun buɗe ido, bayan an tashi wata ta ja ni gefe tace ashe da Musulma ce ke? Su Mungu suke cewa. Sai da na buɗe mata Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayata na nuna mata, nace tun fassarar 1932 haka yake, kakanninmu ma da sunan suka yi sujada.

Yau kuma da rana aka kwantar da wata yarinya 'yar Borana mai cikin fari, jininta ya hau sosai, uwarta na tsaye bakin ƙofa an ce lokacin dubiya ya wuce ta ƙi tafiya kuma ba mai jin yarenta sosai. Naje nayi mata sallama irin tamu, ta amsa da sauri ta kama hannuna biyu. Na roƙi sistar da nake bi ta bar ta ta ƙara minti goma, na ja labule, na samo mata ruwa a roba don naga tana duba rana tana neman inda zata yi alwala. Da zata fita tana ta magana ban gane komai ba sai alhamdulillahi da insha Allah. Yarinyar tana nan ana sa mata ido, gobe da safe likita zai yanke ko za a yi mata aiki, dan Allah kowa ya sa ta a addu'a.

Anti Maman Bege sistar da ta ara min suwaita ta gayyace ni gidansu ran Lahadi, da har zan ce na gaji amma yanzu zan je. Na samu bamia a kasuwa ɗazu, ba daddawa dai, amma zan gwada musu miyar kuɓewa da sauran yajin mama.

Dr_Dan_Fagge ya rubuta:

Allah ya sauke ta lafiya ya ba uwar haƙuri. In za ki je gidan sistar kada ki tafi hannu rabbana, ki tsaya a kanti ki sayi suga da madara ko garin ugali ƙulli ɗaya, haka suke yi in za su ziyarci gida. Kuma ki rage yajin a tukunyar ki ajiye sauran a gefe, ba za su iya da namu ba.